Dokar rufe tsohon laifi a Niyu Yok: abin da ta tanada, da inda 'yan uwanmu za su yi hattara

Duk wanda ya taɓa haɗa takardun konkur a nan Nijar ya san kaziye, wato takardar nan da ake karɓowa a kotu mai nuna ko shari'a ta taɓa kama mutum da laifi, wadda kuma ake so kada ta wuce wata 3 da fitowa. To a Amurka abin ya fi haka tsanani. Can ba sai an ce ka kawo takarda ba. Mai kamfani ko mai gidan haya kuɗi kaɗan zai biya wani kamfanin bincike, a duba sunanka a kwamfuta, sai ga laifin da ka yi shekara 15 baya ya fito, ko da ka gama zaman kaso ka biya tara tun tuni.

Wannan ne ya sa wasu jihohi suka fito da dokar rufe tsofaffin laifuka. Jihar Pensilbeniya ce ta fara a 2018, wasu irin su Yuta da Mishigan suka bi baya. Wadda ta fi shafarmu ita ce ta Niyu Yok, inda 'yan Nijar da dama ke zaune a unguwannin Bronx da Harlem suna tuƙin taksi, suna kai saƙo, suna kasuwanci. Gwamnar jihar, Kathy Hochul, ta sa wa dokar hannu a watan Nuwamba na 2023, ta fara aiki ranar 16 ga Nuwamba 2024.

Ga yadda take. In ƙaramin laifi ne, ana rufe shi bayan shekara 3. In babba ne, bayan shekara 8. Ana fara ƙirga ne daga ranar da aka yanke hukunci, ko daga ranar da mutum ya fito daga kaso in an ɗaure shi. Sharaɗin shi ne a ce babu wata sabuwar ƙara a kansa, kuma ba ya ƙarƙashin sa idon hukuma irin wanda ake yi wa wanda aka saki da sharaɗi. Ya sake yin laifi a tsakani, ƙirga ta koma farko. Laifin fyaɗe da makamantansa, da kisan kai da sauran mafiya girma, waɗannan ba sa rufuwa har abada.

Abin da ya bambanta ta da dokokin da, shi ne mutum ba ya neman komi, kotu ce da kanta za ta rufe. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. A Mishigan, lokacin da sai mutum ya cika takardu ya je gaban alƙali, wani bincike na jami'ar jihar ya gano cewa cikin mutum 100 da suka cancanta, waɗanda suka samu aka share musu cikin shekara 5 ba su kai 7 ba. Wani bai san da dokar ba, wani ba shi da kuɗin lauya, wani kuwa ko ƙofar kotu ba ya son sake gani. Amma waɗanda suka samu, cikin shekara ɗaya abin da suke samu na albashi ya ƙaru da sama da kashi 20 cikin 100. Sai dai a sani, an ba kotunan Niyu Yok har zuwa Nuwamba 2027 su gama rufe tsofaffin takardu, saboda haka kada wani ya ɗauka nashi ya riga ya rufu don shekarun sun cika.

In kuna son ku ga nauyin tabon nan, ga wani gwaji da wata malama mai suna Devah Pager ta yi a birnin Milwoki, aka fitar a 2003. Ta tura samari neman aiki da takardu iri ɗaya, wasu su ce sun taɓa zaman kaso, wasu a'a. Cikin farar fata, marasa laifi an sake kiran 34 cikin 100, masu laifi 17. Cikin baƙar fata, marasa laifi 14, masu laifi 5 kacal. Ku duba da kyau: Bature mai laifi ya fi baƙin da bai taɓa komi ba samun kira. Ɗanmu da ya tafi can, a wannan layi na biyu yake.

Ba kowa ne ya yarda da dokar ba. Masu adawa na cewa mai gida yana da haƙƙin sanin wanda zai ba makulli, kuma wanda aka cuta shi ba a share masa abin da ya same shi ba. Maganar tana da nauyi, shi ya sa rufewa ba gogewa ba ce. 'Yan sanda da alƙalai suna gani. Masu ba da lasin bindiga suna gani. Wurin aikin da doka ta ce sai an ɗauki zanen yatsa, kamar kula da yara ko tsofaffi, su ma suna gani. Labarin da jarida ta riga ta sa a intanet kuwa, yana nan.

Yanzu ga inda muke son iyalai su buɗe kunne. Wannan doka ta jiha ce, harkar shige da fice kuwa ta gwamnatin tarayya ce. A wajen hukumar shige da fice, laifin da jiha ta rufe yana nan daram. Mai neman katin zama na dindindin, ko mai neman zama ɗan ƙasa, ana tambayarsa ko an taɓa kama shi, kuma dole ya faɗi gaskiya ko da an rufe. Ya ce a'a, aka gano, ƙaryar kanta ta isa ta ɓata masa takardu. Haka mai katin zama da ke da wani tsohon laifi, musamman na ƙwaya: ya zo gida Maraɗi ko Tawa ganin tsofaffi, wajen komawa ana iya tsare shi a filin jirgi. Don haka, Hajiya, in ɗanki ya ce ba zai zo Sallar bana ba sai ya ga lauya, kada a matsa masa.

Shawarar da lauyoyin baƙi ke bayarwa ita ce mutum ya je kotun da ta yi masa shari'a ya karɓi takardar da ke nuna yadda shari'ar ta ƙare, ya adana ta, don hukumar shige da fice za ta nema. Kuma laifin da aka yi a wata jiha, ko wanda kotun tarayya ta yanke, dokar Niyu Yok ba ta taɓa shi. Wanda ke Karolina ta Arewa, inda mutanenmu ke da yawa a Girinsboro, sai ya tambayi yadda dokar can take, don kowace jiha da tata.