Sauti Uku a Kunne, Mutum Ɗaya a Kan Babur

Matashin da ke kai saƙo a kan babur a Abuja ko Legas ko Kano yakan fita da waya biyu: ɗaya ta kamfani, wadda taswirar Google Maps ke faɗa masa inda zai karya kwana, ɗaya kuma tasa ta gida da abokai. Ga waƙa ko wa'azi ko labaran rediyo da yake son su ɗebe masa kewa. Kunne kuwa biyu ne kacal. Shi ya sa ake zuwa wurin masu gyaran waya da tambayar yadda za a yi duk waɗannan sautuka su riƙa shigowa ta iyafis guda. Abin yana yiwuwa, amma akwai abubuwan da mai sayar da kayan ba zai faɗa maka ba.

Asalin dabarar ta masu doguwar tafiya a kan manyan babura ce a Amurka da Turai, irin masu hawa Honda Gold Wing su yini a hanya. Su sukan so su ji na'urar nuna hanya, da rediyon oba-oba da suke magana da abokan tafiya, da muryar wanda suka goya, da kiɗa. Da farko wani ɗan akwati ake ɗaurawa a ƙarƙashin sirdi, a jona masa wayoyin kowace na'ura, shi kuma ya tura sautin zuwa hular kwano. Kamfanin Autocom na Ingila ya yi suna a wannan. Daga baya kamfanoni irin su Cardo da Sena suka fito da na'urar bulutut da ake maƙalawa a gefen hula, lasifikarta kuma tana kwance a cikin soson hular, ba a cusa ta cikin ramin kunne. A riƙe wannan bambancin, domin a kansa doka ta tsaya a wasu ƙasashe.

Akwatin na gaskiya yana da tsarin fifiko. Idan na'urar nuna hanya ta yi magana, sai kiɗa ya yi ƙasa da kansa. Idan ta gama ya dawo. Abin da aka fi samu a kasuwanninmu kuwa wata 'yar igiya ce mai kai biyu, wadda aka ƙera don mutum biyu su saurari waya ɗaya, sai a juya ta a ce za ta haɗa wayoyi biyu zuwa iyafis ɗaya. Ba aikinta ba ne. Kowace waya za ta riƙa tura wutar sautinta cikin 'yar'uwarta, sauti ya shaƙe, wani lokaci ma a lalata mafitar sautin wayar. Idan kuma ana cajin wayoyin daga batirin babur suna jone da juna, sai a ji wani siririn kuka yana tashi yana sauka daidai da yadda ake murza totur.

Iyafis na bulutut da aka rubuta a kwalinsu cewa suna kama na'ura biyu a lokaci guda, su ma mutane na yi musu mummunar fahimta. Yawancinsu ba sa cakuɗa sauti, zaɓa suke yi. Kira ya shigo a wannan waya, sai su datse waccan baki ɗaya. Mai kai saƙo yana tsakiyar shataletale yana jiran a ce masa ya bi dama, sai ga kiran gida, taswira ta yi shiru. Me zai yi? Ido zai sauke kan waya, ko ya saki hannu ɗaya yana lalube. Babur da ke gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Duban waya na daƙiƙa biyu ya isa mutum ya shafe fiye da mita 30 bai ga abin da ke gabansa ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce direban da ke amfani da waya ya fi wanda ba ya yi yiwuwar yin haɗari da kusan ninki huɗu, kuma ta ƙara da cewa magana ba tare da riƙe wayar a hannu ba ba ta rage haɗarin sosai. Dalilin shi ne matsalar a hankali take, hannu ɗan rakiya ne. Taura biyu ba ta taunuwa, balle uku. Wanda ake yi wa ƙorafin kuɗin cefane a kunnen hagu, taswira na magana a na dama, idonsa na kan titi amma zuciyarsa ba ta wurin.

A nan ne nake ganin kwaikwayon Turawa bai dace da mu kai tsaye ba. Su a titunansu kowa na bin layinsa, ba kasafai ake danna oda ba. Mu kuwa da oda ake magana a hanya. Mai tirela ba ya tsammanin ka gan shi, yana tsammanin ka ji shi. Mai adaidaita sahu da zai yanko daga gefe, ɗan ƙaramin ham zai yi maka ya shigo. Ga jiniyar motar asibiti, ga ihun mai tafiya a ƙasa, ga ƙarar birkin wanda ke bayanka. Sannan mu faɗi gaskiya, babura nawa ne a garuruwanmu ke da madubi biyu? Wasu matasan ranar da suka sayi mashin suke kwance madubin, wai yana ɓata kwalliya. Wanda ya cire madubi, kunnensa kaɗai ya rage masa na sanin abin da ke tafe a baya. Idan ya toshe shi da iyafis mai roba, musamman irin masu kashe hayaniyar waje, ya rufe ƙofa ta ƙarshe.

Dokoki sun bambanta. Faransa tun 1 ga Yulin 2015 ta hana duk mai tuƙi, har da mai babur da mai keke, sanya abin sauraro a kunne, tarar kuwa Yuro 135, amma ta ƙyale lasifikar da ke haɗe a jikin hular kwano. Jihar Kalifoniya a Amurka ta hana rufe kunnuwa biyu da abin sauraro. A Najeriya amfani da waya yayin tuƙi laifi ne da hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ke kamawa a kai.

Akwai kuma wata illar da ba ta zuwa da jini, shi ya sa ba a tsoronta. Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Ma'aunin da masana lafiyar ma'aikata a Amurka ke bi ya ce kunne na iya jure desibel 85 na awa 8 a rana, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa 1, 100 kuwa minti 15 kacal. Gwaje-gwajen da aka yi a cikin hular kwano sun nuna cewa hucin iska kaɗai yana kai wajen desibel 90 a gudun kilomita 60, ya haura 100 idan aka buɗe wuta a babbar hanya. Wanda ba ya sa hula ma bai tsira ba, iskar kai tsaye take dukan kunnensa. To, don mutum ya ji waƙa ko murya a cikin wannan hayaniyar, dole ya ƙure ƙarar wayar ta fi ta iska. Ɗan acaba ko ɗan kabu-kabu da ke fita tun asuba har isha'i yana yin haka, ya wuce ƙa'ida tun kafin hantsi.

A can cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu gashi da ke mayar da sauti saƙon da ƙwaƙwalwa ke ganewa. Ƙara mai yawa tana kashe su, kuma a jikin ɗan'adam idan sun mutu ba sa sake tsirowa. A hankali abin ke zuwa. Da farko mutum zai sauka daga babur ya ji kunnensa ya dushe ko yana ƙugi, da safe ya ware. Bayan shekaru sai ƙugin ya zauna, ya fara cewa mutane ba sa buɗe baki idan suna magana, ya kasa bin hira a majalisa ko wurin ɗaurin aure.

Ga wanda aikinsa ya tilasta masa jin taswira, mafita mafi sauƙi ita ce ya daina neman haɗa na'urori. Waya ɗaya ta isa, domin ita da kanta tana rage kiɗa idan taswira za ta yi magana, ba sai an sayi komai ba. A saita komai kafin a tayar da mashin, a ɗaure wayar a kan mariƙi, ta gida kuma a bar ta a aljihu. Iyafis a kunne ɗaya, ɗayan a buɗe. A daidaita ƙarar a tsaye a wurin da ba hayaniya, kada a ƙara a kan hanya. Idan iska ta danne muryar, gudun ne ya yi yawa. Mai hali ya sayi hula mai rufe fuska da lasifikar ciki, ta fi cusa abu a kunne, wanda idan aka faɗi ma yana iya ji wa mutum ciwo. Kira kuwa, a gangara gefe a amsa. Fasinja shi ma yana da bakin magana, tunda ransa ne a kai: “Malam, don Allah cire ɗaya mu tafi.” Idan ya ƙi, akwai wani babur a baya.

Wanda ya riga ya fara jin ƙugi ko dushewar ji da ya wuce kwana ɗaya ko biyu, kada ya tsaya ɗiga mai ko maganin da aka ba shi a kemis. Ya je sashen kunne da hanci da maƙogwaro na asibitin koyarwa ko babban asibitin jiharsa a yi masa gwajin ji. A Kaduna akwai cibiyar kula da lafiyar kunne ta ƙasa, wadda aikinta ke nan.