Ƙofar da Plex ya rufe da waɗanda aka bari a waje

A watan Satumba na 2018 kamfanin Plex ya fitar da wata sanarwa mai ɗauke da albishir da kuma bankwana. Albishir ɗin shi ne manhajar za ta fara nemo wa mai kallo rubutacciyar fassarar fim da kanta. Bankwanan kuwa ya shafi abubuwa da dama da kamfanin ya ce zai jingine, kuma wanda ya fi tayar da ƙura shi ne manhajojin ƙari, wato 'yan ƙananan shirye-shiryen da masu amfani ke rubutawa da kansu, su liƙa wa Plex don ya yi aikin da kamfanin bai gina shi ya yi ba. Hujjar gajeriya ce: masu amfani da su ba su kai kashi 2 cikin 100 ba, kuma fasahar da aka ɗora su a kai ta tsufa. Shekaru sun shuɗe, ƙorafin bai lafa ba. Ya kamata a duba abin da ya sa 'yan tsiraru haka suka kasa haƙura.

Ga wanda bai san Plex ba, aikinsa mai sauƙin fahimta ne. Mutum yana da fina-finai da waƙoƙi da hotuna a tare cikin kwamfutarsa. Sai ya sa wa kwamfutar Plex, ta zama sabar gida, ya bar ta a kunne a lungun ɗaki. Daga nan talabijin ɗin falo da wayar uwargida da ta ƙanensa da ke wani gari duk za su iya kallon abin da ke cikinta, a jere tsaf, kowane fim da hotonsa da sunayen 'yan wasansa da taƙaitaccen labarinsa. Asalin manhajar ma daga aikin sa-kai ta fito. A wajajen 2008 Elan Feingold da abokan aikinsa suka ɗauki XBMC, buɗaɗɗiyar manhajar da yanzu ake kira Kodi, suka gyara ta don kwamfutocin Mac. Mutanen da suka fara rungumar Plex irin masu son kwance abu su ɗaure ne, kuma manhajojin ƙari su ne filin da aka ba su.

Dalilin farko na cire su gaskiya ne, bai kamata a raina shi ba. An gina tsarin manhajojin ƙari a kan harshen kwamfuta na Python 2, wanda masu kula da shi suka daina gyara shi a farkon Janairun 2020. Duk wanda ya ci gaba da ɗauke da shi a cikin manhajarsa, shi zai riƙa toshe kowace kafa da ta ɓulla. Ga kuma yawan na'urori. Plex yana aiki a wayoyi da akwatunan Roku da Apple TV da talabijin iri-iri, kuma duk sabon fasalin da aka yi sai an tabbatar tsohon tsarin bai karye ba. Batun tsaro ma ba tatsuniya ba ce. A 2022, masu kutsen da suka shiga rumbun kamfanin LastPass mai ajiye wa mutane kalmomin sirri sun bi ta kwamfutar gida ta wani injiniyan kamfanin, wanda ke amfani da tsohon Plex mai wata kafa da aka riga aka toshe tun watan Mayun 2020, shi ne bai sabunta ba. Ba manhajar ƙari ce aka ɗora wa laifin ba, amma lamarin ya nuna abin da sabar gida ke iya jawowa. Kamfanin da ya bar kowa ya rubuta shiri ya cusa a cikin sabarsa dole ya riƙa kwana da ido ɗaya.

Akwai dalili na biyu da sanarwar ba ta ambata ba, kuma a ganina ya fi na farko nauyi. Shekarar 2017 ta yi wa duniyar Kodi zafi. Kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a watan Afrilu cewa sayar da akwatin kallo da aka cika da manhajojin ƙari masu kai mutum ga fina-finan sata keta haƙƙin mallaka ne, kuma a shekarar ce manyan kamfanonin talabijin na Amurka da Kanada suka maka TVAddons, shafin da ke rarraba manhajojin ƙari na Kodi, a kotu. Sunan Kodi ya ɓaci a idon masu shirya fina-finai, duk da cewa masu kula da ita ba su suka rubuta waɗannan manhajoji ba. A lokacin, Plex ma yana da nasa kantin bayan fage, inda ake samun manhajojin ƙari masu jawo tashoshi daga ko'ina. Sai a dubi inda kamfanin ya dosa bayan nan. A Disamban 2019 ya buɗe kallon fina-finai kyauta da tallace-tallace, bisa yarjejeniya da kamfanoni irin su Warner Bros da Lionsgate da MGM. A 2020 ya ƙara tashoshin kai-tsaye, a 2024 ya fara ba da hayar fina-finai. Wanda ke son zama a teburi ɗaya da masu fina-finan Hollywood ba zai so a ce da manhajarsa ake satar kayansu ba.

To amma wa ya biya kuɗin wannan tsarkakewa? Ba masu satar tashoshi ba, don su suna da hanyoyi barkatai. Waɗanda abin ya taɓa su ne masu buƙatun da kamfanin ba zai taɓa waiwaya ba saboda ƙarancinsu.

Ɗauki mai tara fina-finan zane na Japan. Irin waɗannan shirye-shirye sukan kai kashi ɗaruruwa, kuma yadda masu sha'awarsu ke lissafa su ya sha bamban da tsarin zango-zango da rumbunan bayanai na Amurka ke bi. Idan ya bar wa Plex aikin, sai ya tarar kashi na 130 ya ɗauki sunan wani, hoton wani, ko ya ɓace gaba ɗaya. Wata manhajar ƙari mai suna HAMA ce ke warware masa wannan, tana ɗebo bayanai daga rumbun AniDB. A tsohon tsari hanyar sa ta ba wuya: ka sauke babban fayil mai ƙarewa da .bundle, ka jefa shi inda Plex ke ajiye irinsu, ka kashe sabar ka kunna, shi ke nan. Mai littattafan sauraro yana da Audnexus, saboda Plex bai tanadi sashe na musamman don littattafan murya ba, sai dai a shigar da su a matsayin waƙoƙi. Mai son ajiye tarihin abin da ya kalla yana da wadda ke haɗa shi da shafin Trakt. Sai kuma Sub-Zero, wadda a zamaninta ta fi kowace farin jini. Tana bin fina-finai ɗaya bayan ɗaya, ta leƙa majiyoyi da yawa, ta zaɓo rubutacciyar fassarar da ta dace da ainihin kwafin da ke hannunka, ta share kura-kuran rubutu, duk kana barci. Abin da Plex ya kawo a madadinta yana aiki, amma bai kai ta zurfi ba. Ga kurma, ko wanda ke kallo da harshen da ba nasa ba, wannan bambanci ba ƙarami ba ne.

Mai tara fina-finan Kannywood ko karatuttukan malamai zai gane matsalar nan take. Manyan rumbunan da Plex ke dogara da su sun san fina-finan Amurka ciki da bai, amma fim ɗin Hausa sau da yawa ko dai babu shi, ko kuma sunansa kawai aka rubuta. A tsohon tsari, mutum ɗaya mai ilimin kwamfuta zai iya rubuta 'yar manhajar da za ta ɗebo bayanai daga inda suke, kowa ya amfana. Idan aka rufe wannan ƙofa, sai dai kowa ya zauna ya cike nasa da hannu.

Shi ya sa kashi 2 cikin 100 ɗin nan bai gamsar da ni ba. A gidan da ake amfani da Plex, mutum ɗaya ne ke kula da sabar, sauran kallo kawai suke yi. Shi ne ke sa manhajar ƙari, amma duk wanda ya buɗe fim ya tarar da fassara a shirye ya ci moriyarta, ko da bai taɓa jin sunanta ba. Kuma wannan mutum ɗayan shi ne ya kawo Plex gidan tun farko, shi ke biyan kuɗin Plex Pass, wato rajistar kuɗi ta kamfanin, shi 'yan uwa ke tambaya idan za su sayi akwatin kallo. Ƙidaya ta nuna ba su da yawa, ba ta nuna su wane ne ba.

Yadda aka aiwatar da cirewar ma ya ƙara wa ciwon gishiri. Ba a yanke lokaci ɗaya ba. An rufe kundin da ake zaɓar manhajojin, aka ce mai so zai iya ci gaba da sa su da hannu. Sannu a hankali sababbin manhajojin kallo suka daina nuna sashensu, saura masu ɗebo bayanai a bayan fage. Kamfanin ya fito da nasa sababbin masu ɗebo bayanan fina-finai a 2020 da na shirye-shirye masu dogon zango a 2021, waɗanda suka fi sauri, amma ba a iya jingina musu na waje yadda ake yi a da. A 2024 masu sabar a akwatin Nvidia Shield suka rasa tsohon tsarin ɗungurungum. Mai aikin sa-kai da ke kula da wata manhajar ƙari ya tsinci kansa kamar mai gini a filin aro: bai san ranar da za a ce ya kwashe ba, don haka ya daina sa bulo. Da yawa sun watsar tun kafin a kore su, kuma shekaru suka wuce ba a ba su wani sabon tsari a madadin tsohon ba. Nan ne nake ganin laifin kamfanin. Ajiye Python 2 dole ne. Barin mutane cikin rashin tabbas zaɓi ne.

Aikin da manhajojin ƙari ke yi bai mutu ba, ƙaura ya yi zuwa waje. Bazarr ta gaji Sub-Zero, Tautulli na lura da wa ke kallon me, Kometa na shirya tarin fina-finai da hotunansu. Ta wata fuskar wannan ci gaba ne, don shirin da ke zaune da kansa ba ya faɗuwa idan Plex ya sauya, kuma idan ya lalace ba ya jan sabar ƙasa. Sai dai kuɗin shiga ya ƙaru. Bazarr ba ta aiki sai an haɗa ta da wasu shirye-shirye, Sonarr ko Radarr, kuma yawancin masu amfani sukan koyi wata fasaha mai suna Docker kafin su daidaita su. Abin da a da jefa fayil ɗaya ne ya koma kula da shirye-shirye uku ko huɗu. Gwanaye sun tsallake. Matsakaita, waɗanda suka iya bin umarni amma ba injiniyoyi ba, su aka zubar a hanya.

Wasu kuma sun tattara nasu ya-nasu. A Disamban 2018, watanni kaɗan bayan sanarwar Plex, Emby, babbar kishiyarsa, ta rufe tushen manhajarta, sai wasu 'yan sa-kai suka ɗauki kwafin ƙarshe da ke buɗe suka kafa Jellyfin. Kyauta ce, ba ta neman ka buɗe asusu a wurin wani kamfani, kuma manhajojin ƙari suna cikin ginshiƙanta. Tana da nata wahalhalu. Kallo daga wajen gida sai ka haɗa hanyar da kanka, kuma masu talabijin ɗin Samsung sun daɗe suna shan wuya kafin su sa ta. Ga kaka da ke son danna maɓalli ɗaya fim ya fito, Plex har yanzu ya fi sauƙi, kuma wannan ne ya riƙe mutane da yawa da ke gunaguni.

Abin da ya biyo baya ya ƙarfafa zargin masu ƙorafi. A ƙarshen Afrilun 2025 kuɗin Plex Pass na har abada ya tashi daga dala 119.99 zuwa 249.99, na wata daga 4.99 zuwa 6.99, kuma kallon fina-finanka daga wajen gida, wanda a da kyauta ne, ya koma sai an biya. Kamfani yana da ma'aikatan da zai biya albashi, ba wanda ke musun wannan. Amma mutumin da ya sayi kwamfuta da na'urorin ajiyar bayanai, yake biyan kuɗin wuta da na intanet, ya ga kowane sauyi yana rage ikonsa a kan na'urar da ke cikin ɗakinsa. Shi ya sa masu sabar da yawa suka sauya yadda suke ajiya. Suna rubuta sunayen fayiloli bisa tsarin da kowace manhaja za ta gane, suna ajiye rubutacciyar fassara da hotuna a gefen kowane fim maimakon cikin rumbun Plex, wasu ma suna kunna Plex da Jellyfin tare a kan fina-finai guda, iyali na kallo a ɗaya, su suna gwada ɗayar.