Tsohuwar Mota a Gida: A Ba Ta Mai Kafin a Tashe Ta

'Yan'uwana mata, da yawa cikinmu akwai tsohuwar mota kwance a gida, wata ta gado, wata kuwa an saya da kuɗin adashi don a sa haya. Galibi Peugeot 504 ce, wadda aka fara ƙerawa a Faransa a 1968, kāna aka riƙa harhaɗa ta a masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975. Kada ki ce wannan zancen maza ne. Ran da injin ya buga, daga kuɗin cefane za a biya.

Cikin inji akwai famfo mai tura baƙin mai zuwa duk inda ƙarfe ke gogar ƙarfe. Kafin man ya isa can sai ya bi ta mataci, watau filta, ya bar datti. To, in za ki aiki yaro sayen filta, ba shi tsohuwar ya tafi da ita, a gwada zaren ɗaurinta da robar bakinta, a kuma dubi lambar da ke jiki. Kama da wane ba ta wane. Filta ta kirki tana da wata 'yar roba a ciki wadda ke hana mai tsiyayewa ya koma ƙasa in mota ta kwana. Tana kuma da ƙofar ko-ta-kwana, wadda ke buɗewa mai ya wuce in takardar ciki ta toshe, gama mai da datti ya fi babu mai. Ta jabu sau da yawa fenti ne kawai ya yi kyau. A ganina, a rage wani abu a sayi ta gaske.

Sai batun famfo. Motar da ta yi watanni a ajiye, ko wadda aka sauke injinta aka gyara, hanyoyin manta a bushe suke. In aka tashe ta haka nan, ƙarfe zai ci ƙarfe kafin mai ya iso. Ki tsaya a kan bakanike ya zuba sabon mai cikin filta ya jiƙa ta, ya shafa kaɗan a robar, ya ɗaura da hannu, ban da sifana. Sa'an nan ya kwance fulogai, ya cire wayar wuta, ya murza makulli kamar daƙiƙa 10, ya huta, ya sake, har jar fitilar mai ta mutu.

In an buɗe famfon kansa, tsofaffin bakanikai sukan cika tsakanin haƙoransa da Basilin, i, wanda dai muke shafa wa yara da hunturu. Dalili, busasshen famfo iska yake ja, ba ya iya zuƙo mai. Basilin na toshe kafofin, in inji ya yi zafi ya narke ya bi mai. Giris ba ya narkewa haka, kada a sa shi.

Bayan an mai da fulogai an tashe ta, kada a taka totur. A sa ido ga jar fitilar nan. In ta wuce daƙiƙa 5 ba ta mutu ba, ki sa a kashe motar nan take, ko da bakanike ya ce za ta mutu da kanta. In ta mutu, a leƙa ƙarƙashi ko filta na ɗiga, a kashe, a jira kaɗan, a sake auna mai.