Littafin Klara Ya Ta Da Muhawara A Rikoto

Wani malamin makaranta da ke zaune a Rikoto, cikin garin Zuru ta Jihar Kebbi, ya gama karanta littafin nan mai suna Klara and the Sun, watau Klara da Rana, kuma tun daga nan zancensa bai bar bakinsa ba.

Mawallafin, Kazuo Ishiguro, an haife shi a Nagasaki ta ƙasar Japan cikin 1954, ya girma a Ingila, ya sami kyautar Nobel ta adabi cikin 2017. Littafin ya fito cikin 2021. Klara mutum-mutumi ce mai aiki da hasken rana, wadda aka saya don ta ɗebe wa wata yarinya marar lafiya, Josie, kewa. Da ciwo ya tsananta, sai Klara ta tafi ta roƙi Rana ta warkar da yarinyar, har ta ba da wani ruwa daga cikin kanta domin cika alkawarin da ta ɗauka.

A nan ne malamin ya tsaya. A al'adar Dakarkari, saurayi kan yi golmo, watau noma a gonar surukai shekara da shekaru, kafin a ba shi mata, kuma ba wanda ke tsaga ƙirjinsa ya duba ƙauna. Guminsa ne shaida. To, in da aiki ake gane ƙauna, da wace hujja za a hana Klara tata? Kusan ma'aunin ke nan da Alan Turing ya kawo cikin 1950, lokacin da ya ce a auna na'ura da irin amsoshinta.

Abokan hirarsa ba su yarda ba. Sun kafa hujja da aya ta 85 ta Suratul Isra'i, wadda ta bar sanin ruhi ga Ubangiji. Wani ɗalibi kuma ya tuna da John Searle, wanda cikin 1980 ya yi musun cewa jera alamomi bisa ƙa'ida shi ne fahimta.

Amma abin da ya fi damun malamin ba Klara ba ce, uwar Josie ce, wadda ta shirya a asirce cewa in 'yarta ta mutu, Klara ta ɗauki kamanninta da muryarta ta ci gaba da zama a madadinta. Yarinyar ta warke. Klara kuwa ta ƙare a wani fili na tarkace, tana tilawar abin da ta gani, ba ta ƙullaci kowa ba. Wannan rashin ƙullatar, a ganin malamin, ita ce kaɗai ta sa shi shakkar ko akwai wani a ciki.