Kallabi Tsakanin Rawuna: Harshenmu Da Makomar Mata A Fagen Siyasa

Kwanakin baya, ina kan hanyar komawa gida da daddare, na kunna rediyon mota na ci karo da ɗaya daga cikin shirye-shiryen siyasar nan da 'yan siyasa kan sayi fili su tura sojojin bakinsu su yi ta musayar yawu. A daren, maganar wata baiwar Allah ce ta taso, wadda ta nuna sha'awar tsayawa takarar majalisar dokokin jiharsu. Na kasa kunne in ji abin da za a ce game da manufofinta ko iliminta ko wani abin kirki da ta taɓa yi wa jama'a. Mai maganar ya cinye lokacinsa kaf bai taɓo ko ɗaya ba. Tambayarsa guda ce tal: ina mijinta? Daga nan sai ya zarce da habaici da gugar zana, har ya rufe da cewa ai kowa ya san irin matan da ke dare a ofishin jam'iyya. Mai gabatar da shirin bai tsawatar ba, dariya ma ya yi, aka miƙa wa na gaba.

A matsayina na ɗalibin kimiyyar harshe, abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, mutumin nan bai ƙirƙiro komai ba. Kayan aikin da ya yi amfani da su a shirye ya same su cikin maganarmu ta yau da kullum. Mu duba wannan misali. Idan aka ce jarida mai zaman kanta, yabo ne, domin ana nufin ba ta cin tuwon gwamnati. Idan aka ce kamfani mai zaman kansa ko lauya mai zaman kansa, babu wanda zai ɗaga gira. To amma a ce mace mai zaman kanta, nan take ma'ana ta juye ta koma karuwa. Kalmomi ne iri ɗaya, ginin jimla iri ɗaya, jinsin wanda ake magana a kansa kaɗai ya sauya. Haka nan idan aka ce wane idonsa a buɗe yake, ana nufin ba a cutarsa. Idan aka ce wance idonta ya buɗe, to mai neman aurenta sai ya sake shawara.

Ko yabon da muke yi wa mace idan ta yi fice, da awon namiji muke auna shi. Mukan ce ta yi namijin ƙoƙari, ko mace mai kamar maza, ko kallabi tsakanin rawuna. Wannan na ƙarshe, wanda marubutanmu ke matuƙar so, yana ɗauke da saƙon cewa wurin na masu rawani ne, ita baƙuwa ce da ta yi sa'ar samun gefen tabarma. Wani abin ban dariya kuma, babbar hukumar kowace jam'iyya uwar jam'iyya muke kiranta, alhali kujerar da aka tabbatar wa mace a cikinta ita ce ta shugabar mata, wadda aikinta bai cika wuce tara mata ranar gangami da rabon atamfa da sabulu da taliya ba.

Wannan makami ba yau aka fara wasa shi ba. Bayan kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, matan da suka shige ta sun sha irin wannan jifa, kuma babu wadda ta sha kamar Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda ta jagoranci ɓangaren matan jam'iyyar. An kama ta, an daka ta, an ɗaure ta a kurkuku sau da dama, saboda ta nace a kan cewa macen Arewa tana da haƙƙin jefa ƙuri'a da neman ilimi. A zaɓen tarayya na 1959 matan Kudu sun yi zaɓe, matan Arewa suna gida. Sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976 aka buɗe masu ƙofa, sannan suka shiga babban zaɓen 1979. Ta rasu a 2001, kuma akwai babban asibiti a Zariya da ke ɗauke da sunanta. Mun karrama ta bayan ranta, amma sunan da aka jefe ta da shi tana raye, shi muke jifan jikokinta da shi.

Sakamakon kuwa a fili yake. Manufar ƙasa kan jinsi ta 2006 ta yi alkawarin kashi 35 cikin ɗari na muƙamai ga mata. A watan Maris na 2022, lokacin gyaran tsarin mulki, Majalisar Tarayya ta yi fatali da ƙudurorin da suka shafi mata, ciki har da na ware masu kujeru na musamman, har mata suka yi kwanaki suna zaman dirshan a ƙofar majalisar. Bayan zaɓen 2023, mata uku ne suka shiga Majalisar Dattawa mai kujeru 109, daga baya kotu ta ƙara ta huɗu, kuma babu ko ɗaya daga Arewa maso Yamma ko Arewa maso Gabas. Marigayiya Sanata Aisha Alhassan a Taraba a 2015, da Sanata Aishatu Binani a Adamawa a 2023, sun kai bakin ƙofar gidan gwamnati, ba su shiga ba. Duk wanda ya taɓa zuwa rumfar zaɓe a garuruwanmu kuwa ya san tsawon layin mata, da goyo a baya, cikin rana.

Na san wani zai ce ai addini da al'ada ne suka kawo haka. To mu leƙa maƙwabta. Jamhuriyar Nijar, inda Hausawa suka fi kowace ƙabila yawa, kuma kusan kowa Musulmi ne, tun a 2000 ta yi dokar ware wa kowane jinsi aƙalla kashi 10 cikin ɗari na kujerun zaɓe, aka ɗaga zuwa 15 a 2014, sannan 25 a 2019, kafin juyin mulkin 2023 ya rushe majalisar. A gida kuma, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a littafinsa Nurul Albab ya yi kakkausan suka ga malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, kuma 'yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'yan taru, tana naɗa jajoji tana tura su ƙauyuka su karantar da mata. Batun iyakar muƙamin da mace za ta riƙe, malamai sun yi magana a kai, kuma fagensu ne. Abin da babu saɓani a cikinsa shi ne haramcin ƙazafi, wanda Suratun Nur ta yanke wa mai yin sa bulala tamanin. Mai ikirarin kare addini da ya hau rediyo ya ci mutuncin matar da bai kama ta da komai ba, ya rushe abin da yake cewa yana karewa.

A nan ne laifi ke dawowa kan kafafen yaɗa labarai. Dokar 1992 da ta kafa Hukumar NBC ita ta buɗe hanyar gidajen rediyo da talabijin masu zaman kansu, kuma babu mai musun alherin da hakan ya kawo, domin talaka ya sami inda zai kai kukansa da harshensa. Sai dai fili na kuɗi ne, kuma mai kuɗi shi ke zaɓen abin da za a faɗa. Zuwan Facebook da WhatsApp da TikTok ya ƙara dagula lissafi, saboda a can babu edita, babu mai tacewa, hoton mace ɗaya da gajeren sharhi na ƙarya sun isa su zagaye gari kafin la'asar. Mace mai ilimi da mutunci, likita ce ko lauya ko malamar makaranta, idan ta ga yadda aka yi wa wata, sai ta tattara sha'awarta ta adana. Ko ita ta yarda, mijinta da iyayenta da 'ya'yanta ba za su yarda ba. Ta haka ake cin zaɓe tun kafin a buga takardar ƙuri'a.

Asarar kuwa ta kowa ce. Ɗakin haihuwar da babu ungozoma da dare, makarantar 'yan matan da babu katanga ko ban ɗaki, bazawarar da aka kora da 'ya'ya biyar babu ciyarwa, duk batutuwa ne na adalci da ake yanke hukuncinsu a kasafin kuɗi, a zauren da waɗanda suka fi sanin zafinsu ba sa ciki. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, in ji masu iya magana, amma gawar da aka fito da ita daga ɗakin haihuwa maza ne ke ɗaukarta zuwa maƙabarta.

Mu da Allah Ya ba ilimin zamani muna da namu kason laifin. Da yawanmu mun ɗauki siyasa a matsayin ƙazanta, mun rufe gilashin mota, mun sauya tasha, mun bar wa sojojin baka filin. Wayewar kai a siyasance ba ta tsaya ga sanin wanda ya sauya sheƙa ko wanda aka naɗa minista ba. Tana farawa ne daga sauraron kalmomi da kunnen basira, da tambayar wa wannan magana ke yi wa aiki. Mai gidan rediyo ya sani cewa sayar da fili bai ɗauke masa alhakin abin da aka faɗa a cikinsa ba. Mai gabatar da shiri ya koyi katse mai ƙazafi nan take. Edita ya daina fara labarin 'yar takara da matsayin aurenta, tunda ba ya yi wa ɗan takara haka. Mu kuma masu sauraro mu riƙa ɗaga waya mu yi ƙorafi, mu daina tura abin da ba mu tabbatar ba.

A soki 'yar takara a kan manufa da riƙon amana, kamar yadda ake sukar kowa, kuma idan ba ta cancanta ba a ƙi zaɓenta. Amma mutuncinta a bar mata kayanta, domin wadda aka yi wa dariya a rediyo a daren nan 'yar wani ce, gobe kuma tana iya zama tawa ko taka. Allah Ya sa mu gyara.