Sabon zomo a gida: wace magana ce gaskiya, wacce ce ji-ta-ji-ta?

A ƙasar Zurmi da Shinkafi da Ƙaura Namoda, inda satar shanu ta sa fita da dabba daji ya zama kasada, dabbar da za ta rayu a cikin katangar gida tana da daraja ta musamman. Duk wanda ya ga shekarar 2021, lokacin da gwamnatin Zamfara ta rufe kasuwannin mako-mako ta kuma hana safarar dabbobi, ya san haka. Zomo ba ya buƙatar makiyayi, cikin zomanya kuma kwana 31 ne ko kusa da haka. Sai dai yaro a Dauran zai tara kuɗinsa ya sayo zomaye biyu, kafin mako ya zagayo ɗaya ya mutu, a ce kambun baka ne. Sau da yawa shawarar da aka ba yaron ce ta kashe zomon.

Maganar da ta fi kowacce ɓarna ita ce wai zomo ba ya shan ruwa, in ya sha zai mutu. Ƙarya ce. Wataƙila tushenta zomon daji ne, wanda mafarauta ba su cika ganinsa a mashaya ba, domin ɗanyen ganye da raɓa suna isarsa. To amma zomon gida wata halitta ce daban. Asalinsa ƙasashen Sifen da Fotugal, kuma ko an haɗa shi da na daji ba sa haihuwa. 'Ya'yan na daji da gashinsu ake haihuwarsu, ido buɗe. Na gida kuwa tsirara suke zuwa, idonsu ba ya buɗewa sai bayan kamar kwana 10. Zomon da aka kulle a keji yana cin busasshiyar harawa da dusa, ina zai samu raɓa? Mai nauyin kilo biyu yana iya shan kusan kwatan lita a yini, mai shayarwa kuma fiye da haka. A ajiye masa ruwa mai tsabta a kasko mai nauyi wanda ba zai kifar ba, tun daga sa'ar da ya shigo gidan.

Masu cewa zafi yana kashe zomo kuwa sun yi gaskiya, kuma a nan ya kamata mutanen arewacin Zamfara su fi sa ido. Zomo ba ya gumi, ta kunnuwansa yake rage zafin jiki. Da zafi ya haura digiri 30 ya fara wahala, alhali bazararmu tana kaiwa 40 a watan Afrilu da Mayu. Kejin da ke ƙarƙashin kwano a tsakar rana tanderu ne. A sa shi a inuwa, inda iska ke ratsawa, a jingina masa jiƙaƙƙen tulu ko a rataya jiƙaƙƙen buhu a gefen kejin. Wanda ya sayo zomo a kasuwar Alhamis ta Shinkafi kada ya ƙunshe shi a buhun leda a kan babur. Kwali mai ramuka ya fi, kuma a taho da sanyin yamma. Wanka kuma ba magani ba ne, firgita shi kawai yake yi. Shafa ɗan ruwa a kunnuwa ya wadatar.

Ɗaukarsa ta kunne, wanda kowa ya saba gani, cutarwa ce. A tallafi ƙirjinsa da hannu ɗaya, ƙugunsa da ɗayan, domin in ya yi shure-shure a sama yana iya karya bayansa. A kwanakin farko ma gara kada a ɗauke shi sam. Na san yara ba sa haƙuri da sabon abu, amma a ba shi kwali ko tsohuwar tukunya da zai ɓuya a ciki, a nisanta shi da kyanwa da kare, shi da kansa zai fito.

Ana cewa in sabon zomo ya ƙi cin abinci baƙunta ce, a ƙyale shi. Rabin gaskiya ke nan. Yakan ɗan janye a ranar farko, amma hanjinsa ba ya jure zama babu aiki; in ya yi wuni guda bai ci ba, bai yi kashi ba, a nemi ma'aikacin lafiyar dabbobi. Abin da ya fi jawo wannan shi ne sauya cima farat ɗaya. A tambayi mai sayarwa abin da yake ba shi, a ci gaba da shi, sannan a riƙa shigo da sabon ganye kaɗan-kaɗan cikin mako ɗaya zuwa biyu. Harawar gyaɗa ko ta wake da busasshiyar ciyawa su ne ginshiƙi, domin haƙoransa ba sa daina tsiro, tauna ce ke rage su. Dusa ƙari ce kawai. Ganyen tumfafiya da ciyawar gonar da aka yi wa feshi kada su kusance shi. Idan kuma an ga yana cin wani kashi mai laushi daga jikinsa, ba yunwa ba ce, ba ciwo ba ne. Haka Allah ya halicce shi, da wannan yake samun sauran amfanin abincin.

Batun cewa zomanya tana cinye 'ya'yanta in mutum ya taɓa su, ba warin hannu ne dalili ba. Ƙishirwa da firgici da ƙarancin abinci ne suka fi sa ta yin haka. Kuma sau ɗaya ko biyu take shayarwa a yini, na 'yan mintoci, saboda haka rashin ganinta a kansu ba ya nufin ta yashe su.

Akwai kuma masu buɗe kafson mutane su zuba wa sabon zomo a ruwa, wai rigakafi. Magunguna irin su ampicillin da amoxicillin in zomo ya sha su suna kashe ƙwayoyin halittar da hanjinsa ya dogara da su, zawo ya biyo baya, sau da yawa har mutuwa. Rigakafin da ke hannun kowa shi ne keɓewa. A 2020 wata annobar zomaye mai sa zubar jini ta ɓulla a jihohin Kwara da Oyo, ta hallaka zomaye masu yawa, kuma tana bin keji da takalmi da hannun mai kiwo. Wanda yake da zomaye a gida ya ajiye sabon a keji daban na aƙalla mako biyu, ya fara ciyar da tsofaffin kafin ya je wurinsa, ya wanke hannu da sabulu bayan ya gama.