Ƙwarƙwatar Riga da Zazzaɓin Taifus

'Yan'uwa, mu masu harkar shanu mun san kaska, mun san ɓarnar da take yi wa dabba. To, akwai wata 'yar halitta da ta fi ta haɗari gare mu, tana nan ɓoye cikin ɗinkin rigarmu. Ita ce ƙwarƙwatar tufafi, mai yaɗa zazzaɓin taifus. Kada a haɗa shi da taifot, wanda ake ɗauka ta ruwa da abinci.

Ga yadda abin yake. Ƙwarƙwata ta sha jinin marar lafiya, ƙwayar cutar ta hayayyafa a cikinta. Da jikinsa ya ɗau zafi, ko kuwa ya cika ya yi sanyi, sai ta ƙaura zuwa na kusa da shi. Cutar a kashinta take. Mutum ya ji ƙaiƙayi ya sosa, shi ke nan ya cusa kashin cikin fatarsa da hannunsa. Wani likita, Charles Nicolle, shi ya gano aikin ƙwarƙwata ne, a Tunis cikin 1909.

Bayan mako ɗaya zuwa biyu sai zazzaɓi mai zafi, ciwon kai kamar zai tsage, ƙuraje a ƙirji da baya, wani har ya riƙa sambatu. Likita yana da maganinsa, doxycycline, amma in an yi jinkiri yana kisa.

Me ya sa har yau bai ƙare ba? Wanda ya warke, ƙwayar na iya kwantawa a jikinsa shekaru, ta farka ran da yunwa ko tsufa suka raunana shi. In da ƙwarƙwata a wurin, annoba ta tashi. A Burundi cikin 1997 dubban mutane sun kamu a sansanonin gudun hijira. Cunkoso da rashin ruwan wanki take so, irin wanda muka gani nan Njamena lokacin ambaliyar 2022. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Mu kuma fa? Mukan yi makonni a hanya da riga ɗaya, mu kwana tabarma ɗaya, bargo ɗaya, balle da hunturu. Saboda haka duk wanda ya sauka Habbena daga fatauci, ya tafasa kayansa ko a goge su da dutsen guga. Wanda ba ya wankuwa a ƙulle shi cikin leda mako biyu. Tufafin mamaci ma a tafasa kafin a raba. Masu masauki su lura da bargunan baƙi.

Allah ya tsare mu da iyalanmu, amin.